Dare na Bakwai a Uonuma

Dare na bakwai, na dama tawada tun ɗazu,
farar takarda na gabana, ko ɗigo babu.
A waje tuddai sun kama da wuta,
wutar ganye, marar hayaƙi.

Chisato ta ce, "Momiji, jan ganyen kaka.
Da shi na buɗe ido ta tagar asibiti,
kamar an tsoma dutsen a rini."

Daga bakin murhu tsohuwata ta yi gyaran murya,
tana feraye jar kanya ta shanya:
"Kyau kam akwai shi.
Bayan sati biyu ni ce mai shara.
Kada ku raɗa wa jinjira abin da iska ke kwashewa."

Shiru. Sai tafasar butar shayi.

Na fita, sanyi ya cije mini kunne.
Can ƙarshen gona layi guda na shinkafa
ya tsere wa injin girbi,
ran da naƙuda ta taso na bar shi a tsaye.
Ga shi nan sunkuye da nauyin ƙwayarsa.

Na karyo zangarniya, na shigo da laka har ƙwauri.
Chisato ta daɗe tana juya ta a tafi.
"Akiho," ta ce, "zangarniyar kaka."
Amma ganyen ma ba ta haƙura ba,
za ta matse ɗaya cikin littafin rigakafi.

Hannuna ya yi rawa, harafin farko ya karkace.
Yarinyar ta yi atishawa.
Tsohuwa ta ce a bar shi haka.