Ruwan Ɗorawa

Ranar Laraba na saye ta a kwali,
da ledarta, da ƙamshin sabon abu,
kuɗin adashen wata bakwai.
Marwana ya ce, "Hajiya, wagga
ko da rana tsaka kina ganin komi."

Na fito da ita da rana tsaka.
Ranar Sakkwato ba ta san Marwana ba.
Na tsaya a bakin titin Mabera,
na yi mata rumfa da gyale,
na ja hasken har ƙarshen layinsa,
ban ga komai ba sai fuskata
da gumi a kan hanci.
Da dare kuwa, in an ɗauke wuta,
sai ta taso kamar fitilar tirela,
yaro ya juya a kan katifa,
in rage, ta ƙara da kanta.

Wannan duk mai sauƙi ne,
launin ne ya ci mini kuɗi.
Dillalina ya turo hoton leshi daga Kano,
na ga ruwan madara mai ɗan nauyi,
irin wanda ƙawayen amarya ke rububi,
na ce a sako yadi talatin.
Ya iso tasha fari fat
kamar rigar ma'aikaciyar asibiti.

Sai na koyi zama da ita
yadda ake zama da mai ƙarin gishiri a zance:
duk abin da ta nuna mini
in rage rawaya a zuciyata.
Tuwon shinkafa ba rawaya ba ne.
Bangon islamiyyarmu ba rawaya ba ne.
Nonon da ke cikin ƙwarya ma haka.

Ran Juma'a Luba ta kira daga Wurno,
ta kai wayar gaban Inna.
Tana zaune a tabarma tana ɓare tafarnuwa.
"Ke, kin rame," in ji ta.
Na ce, ke fa?
Ta ce, "Zahi na, kowa ya rame."
Na ga farin idonta kamar an ɗiga kurkum,
na ce a raina, ke dai wayar nan,
har uwata ba ki bari ba.
Muka yi dariya, muka zagi farashin albasa.
Juma'a uku haka.

Lawwali yana gyara a ƙarƙashin bene,
teburinsa cike da gawawwakin wayoyi.
Bai ma kwance tawa ba.
Ya shiga nan, ya fita can da babban yatsa,
ya kashe wani abu da ya ce na hutar da ido ne,
an bar shi a kunne dare da rana.
"Ɗari biyar, don kar a ce kyauta."

Fari ya dawo fari.
Na tsaya a wurin ina buɗe hotuna
kamar wadda aka yi wa aikin yanar ido:
ga leshin da ainihin fuskarsa,
ga tuwon, ga bangon,
ga hoton da Luba ta turo shekaranjiya.
Kallabin Inna fari.
Tafarnuwar da ke gabanta fara.
Idon bai canza ba.

Na goge gilashin da bakin zane.
Na buɗa hoton da yatsu biyu.
Lawwali ya ɗago, "Akwai saura?"
Na ce babu, taka ta yi.

Sunan ciwon shawara,
ni kuwa ban yi ta da kowa ba,
na ɗora wa waya laifi na kwanta.

Yanzu ina cikin motar Wurno, kujerar taga,
gwiwata a jikin buhun wani.
Ina neman lambar Sambo mai aikin jinya,
rana ta sake cinye allon.
Na lulluɓe kaina da ita a cikin gyale,
ina lalube,
bakina yana ƙirga Juma'a,
ɗaya, biyu,
direba yana jiran mutum ɗaya.