Takardar Munkaila

Canjin mai kawai na zo yi.
Na faɗa wa mai gadi, na faɗa wa yarinyar kanta,
na faɗa wa Munkaila mai farar riga,
wanda farcensa bai san baƙin mai ba.
Suka ba ni kujera mai laushi da ruwan sanyi,
suka shige da motata bayan gilashi
kamar yadda muke shigewa da mai naƙuda
mu bar dangi a baranda.

Shekara goma sha tara ina karɓar haihuwa a Bukoki.
Na san fuskar da ake fitowa da ita
in za a faɗi magana mai tsada.
Da ita ya fito.

"Madam, mun sa mata na'ura."
Layi bakwai a takarda, kowanne da jelar sifiri.
Jika ɗari huɗu da sittin.
Motar da ta kawo ni da ƙafarta tun daga Talaje,
ba tari, ba atishawa,
ga ta a rubuce kamar mai jiran liman.

Na ce, in ba a yi ba fa?
Ya gyara biro a aljihu.
"Ba a fata, Madam. Kina ɗaukar yara a ciki?"
Nan ya same ni,
daidai inda nake samun mazan da ke ƙin sayen magani.

Na biya kuɗin mai, na naɗe takarda, na fita.

Bayan Katako, ƙarƙashin bedi,
Nomau na cin dambu da cokalin da ya lanƙwashe.
Ba ya karanta faransanci; ni na karanta, shi ya shimfiɗa kwali.
Ya danna gindin mota, ta sauka, ta tashi, ta tsaya cak.
"Ƙafafunta sun fi nawa. Wuce."
Batir? "Bara na sa miki shi, ga rubutuna da ƙusa."
Matacin iska ya zaro, ya buga a cinya,
jar ƙasar Yamai ta tashi ta koma gida.
Layi huɗu suka faɗi kafin dambu ya huce,
na biyar ya ce sai bayan damina.
Har na fara haɗa baƙar maganar da zan kai wa Munkaila.

Sai ya kwance taya, ya daina wasa.
Ya ɗora mini takalmin birki a tafin hannu,
bai kai kaurin ɓawon gyaɗa ba.
"Nan bai yi miki ƙarya ba.
Da wannan kike gangaren gada?"
Da shi. Da Rakiba a baya, tana cin biskit.

Saura na bakwai: kuruwa.
Na ce, kurwa? Ya yi dariya, "Kusan duk ɗaya,
in ta tsinke, sai salati.
Ba a ganinta sai an buɗe ciki. Kilomita nawa?"
Muka duba allo, muka dubi juna.
Motar Kwatano ce; shekarunta na gaskiya
sai Allah, sai wanda ya juya mata lamba.

"Amma ina da wata," in ji Nomau, yana kallon gefe,
"kusan sabuwa. Zan yi miki sauƙi."
To. Ashe shi ma yana da tukunya a wuta.

Birki na gyara, jika ashirin da biyu.
Takardar tana nan cikin akwatin gaba,
layi biyar a soke, ɗaya da maki,
ɗaya tsirara, yana jiran ƙarshen wata
ko jiran in san wa zan yarda da shi.

Yanzu duk inda jar wuta ta tsayar da ni
sai in kashe rediyo, in sunkuya kan sitiyari
kamar na ɗora kaho a cikin mai wata tara.
Tana bugawa. Tana bugawa.
Na baya suna ta oda.