Usur a Aljihu

Takarda ta iske ni a bakin fili
ina ɗaure raga da igiyar shanya.
Wai daga zango mai zuwa, in ji hedimasta,
ba mai hura wa yaran makaranta usur
sai ya zauna bitar kwana uku
a kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Na yi dariya har mai gadi ya waiwayo.
Shekara goma sha tara ina shan wannan rana,
na san targaɗe daga yadda yaro ya faɗi,
na san ciwon ƙarya daga yadda ya tashi.
Me ya rage da za a koya wa Barau?

Na je dai, albashi ba ya son gardama.
Wani aji a Kongo, fanka ɗaya ke juyawa,
mu talatin, kowa ya harɗe hannu
kamar wanda aka hana fenariti.

Likita Laraba daga Shika, ba ta kai kafaɗata ba.
Ta raba mana guntayen takarda:
"Kowa ya rubuta sunan yaron da ya daina zuwa,
wanda bai bi sawunsa ya ji dalili ba."

Biro ya yi mini nauyi.
Tanimu.

Golana, ɗan Tudun Jukun, mai tafi kamar faifai,
wanda 'yan Wusasa suka zura wa uku.
Ido a buɗe, ƙwallo na wuce shi
kamar saƙon da ba nasa ba.
Na kira shi rago a gaban masu tallar gyaɗa,
na ce ya zagaya fili sau goma.
Ya zagaya sha biyu, bai ce uffan ba,
ya rataye safar hannunsa a sandar raga, ya tafi.
Na ce taurin kai ne. Na sa Ishaya.

Ta ce, "Akwai ciwon da ba ya kumbura.
Yaro ya bar barci, ya ture kwano,
mai surutu ya koma rijiyar rani.
Ku ke ganin su ƙarfe huɗun kowace yamma.
Ba mu ce ku zama likitoci ba.
Ku tambaya, ku kama baki, ku jira.
In ruwan ya fi ƙarfinku, ku rako shi wurinmu."

Kama baki! Ni da ake jiyo ni daga Ƙofar Doka.

Ran Asabar na same shi wurin mai faci,
yana nutsa tayar keke cikin daro,
yana neman inda iska ke fita.
Ban ce ina kwana ba, na ce, "Kana samun barci?"
Ya ce lafiya lau.
Na cije harshe, na shiga ƙirga motoci.
Tirela ta bakwai na wucewa ya ce,
"Tun da aka kawo yayana a bayan a-kori-kura,
in na rufe ido shi nake gani.
Ranar wasan nan, kwanansa tara."

Kwana tara. Ni kuwa ina ƙirga masa zagaye.

Da "namiji ba ya kuka" na zo a bakina,
na haɗiye ta, ta karce ni a maƙoshi.
Kumfa ta taso a daro, ya ɗora yatsa a wurin.
Na ce, "Akwai wata a Shika, zan kai ka a babur,
in ka yarda, in mahaifiyarka ta yarda."
Ya ce zai yi tunani.

Takardar shaida ta fito, an kuskure sunana.
Safar hannun na jaka, tsakanin man zafi da bandeji.
Yau ƙarfe huɗu yara sun jeru,
usur na aljihu, ban ciro ba tukuna,
ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya.
Ishaya na wasa da ƙwallo. Mati na kallon ƙasa.
Na ce, "Mati, zo ka taya ni ɗaure raga."