Ƙarfe Uku na Dare a Slough

Sabar ba ta mutu ba.
Fitilunta kore, fankarta na huci,
amma sallama ɗari na yi mata,
ko tari.

Jiya lafiya lau take amsawa.
Da aka buɗe rangwamen tikiti tsakar dare,
jama'a suka yi dafifi,
sai ta toshe kunne.

Gethin ya rantse kebul ne.
Na canza. Tsit.
Shayina ya huce.

Can na gano: kundin da take rubuta baƙi
ya cika maƙil tun ƙarfe ɗaya.
Wanda ya makara, ƙofa a rufe,
babu ko sai an jima.

Na ƙara mata shafuka.
Ta amsa, kamar ba ita ba.

Waje ruwa na zuba.
Motar farko sai biyar da rabi.