Irin da Mimun Ya Kawo

Yayana Mimun ya dawo daga Sifen
da ƙwaya goma cikin kwalbar magani,
ya ce kowace ɗaya ta fi zakara tsada.
Baba ya juya ɗaya a tafin hannu,
ya ce, "Wannan ba ta san dutsenmu ba."

Mu a nan Rif, wiwi ba baƙuwa ba ce.
Tamu ta gado doguwa ce, siririya,
ganyenta kamar yatsun tsohuwa mai kaɗi.
Ruwan sama kaɗai take sha,
in ya yi rowa ta yi haƙuri.
Kafin ɓaure ya gama nuna an yanke ta,
an shanya a kan rufin kwano.

Ta Mimun mai aure ce.
Uwa daga tsaunukan Afganistan, in ji shi,
uba daga wata ƙasa mai zafi, ya manta sunanta.
A ɗaki aka haɗa su, ƙarƙashin fitila,
inda ba rana, ba iska, ba tsuntsu.
Ta fito gajeruwa, mai faɗin kafaɗa,
ganye fatan-fatan, kore har ya yi duhu,
kanta cunkus kamar dunƙulen hannu.
In ka taɓa ta danƙo ya raka ka gida,
da ƙamshin lemon tsami gauraye da kalanzir.
Kwana uku mayafina yana tona mini asiri.

Sai dai ƙishi.
Ban taɓa ganin shuka mai maƙogwaro irin nata ba.
Mimun ya sayo inji, ya ja tiyo
daga idon ruwan da ke bayan gidan Hammu.
Dare ya daina zama na kwaɗi,
ya koma na tarin ƙarfe, tuf, tuf, tuf.

Ni Tlaitmas, aikina tuge maza.
Da asuba nake bin kunya-kunya,
duk wanda ya rataya 'yan ƙararrawa
in ɗaga shi da saiwa.

Shekarar farko kuɗi ya shigo da sallama:
firji, sabon rufi, haƙoran Inna biyu.
Ta biyu, inji goma sha ɗaya a kan ido ɗaya.
Wani ya yanke tiyon wani cikin dare,
Hammu ya daina amsa gaisuwarmu.
Ta uku, mai saye ya zo yana yatsina,
ya ce kowa ya noma, kaya ya yi yawa.
Idon ruwa ya zama laka, laka ta tsage.
Ɓauren kakata ya zubar da ganye ba lokacinsa ba.
Yanzu awa biyu nake bin jaki
don ruwan da za mu dafa shayi.

Baba bai ce "na faɗa muku" ba.
Ya jawo gwangwani daga ƙarƙashin gado,
irin da ya tsince a 'yar gonarsa ta bara,
ya hau can sama inda tiyo ba ya kai,
ya watsa, ya jira hadari.

Sun tsiro.
Tsawon namu ne, amma ganyen ya yi faɗi.
Ya murza ɗaya, ya kai hanci:
lemon tsami.

Na ce, "Baba, ko namiji ɗaya ya kuɓuce mini?"
Ya ce, "Ko na Hammu ne. Iska ba ta tambaya."

Ya bi gonar a hankali, gwiwa tana ƙara,
ya zaɓi uku da suka fi sirantaka,
ya ɗaura musu jan zare daga bakin hularsa.
Ya ce in ana tankaɗewa kowace kaka,
wataƙila cikin shekara bakwai ta dawo hayyacinta.

Shekarunsa saba'in da huɗu.
Da za mu sauko, ni ya miƙa wa gwangwanin.