Aron Kunne a Ikeja

Na sauka daga danfo a ƙarƙashin gada,
kaina cike da hon da ihun kwandasta.
Shagon Obiora na hawa na biyu,
bayan masu gyaran waya.
Ya share tebur da gefen hannu
ya jera mini hedifon guda uku
kamar mai tallar raguna ana gobe Sallah.

Ni abu ɗaya na zo da shi:
kaset ɗin kawu Ɗanjummai da na juye a waya,
minti goma sha ɗaya na gurmi,
an ɗauka a wani zaure a Gumel
shekarar da aka yaye ni.

Na farko baƙi ne mai kauri,
fatarsa laushi kamar tafin jariri.
Na sa, ƙasa ta motsa.
Gurmin kawu ya kumbura ya zama tambari,
tsirkiya ta nitse a ƙarƙashin rugugi.
Obiora na gyaɗa kai: "Oga, shi samari ke so."
Na ce samari na da gaskiya, a gidan biki.
Amma miyar da mai ya yi wa yawa
ba a jin daddawarta.

Na biyu ruwan azurfa, da batir, da maɓalli a gefe.
Na danna, Legas ta ɗauke.
Janareton ƙasa ya haɗiye harshensa,
bakin Obiora na motsi kamar kifi a kwano.
Shekara tara rabona da shiru irin wannan,
har na kama gefen tebur.
Sai dai kunnena ya toshe kamar na mai nutso,
kawu kuma ya koma bayan gilashi,
ina leƙensa kamar majinyaci a asibiti:
ga shi nan, da ransa,
amma an hana shiga.

Na uku ba shi da kyan gani.
Bayansa raga ce kamar rariya,
wayarsa doguwa, ga wani ɗan akwati
da sai an jona masa kafin ya buɗe murya.
Obiora ya ce, "Wannan ba ya riƙe sirri.
Abin da ka ji, na kusa da kai zai ji.
Abin da titi ya faɗa, zai shigo."

Na sa.
Zaure ya buɗe, da faɗinsa, da tsawon rufinsa.
Kawu na zaune ta hagu kaɗan.
Na ji farcensa ya taɓa tsirkiya
kafin sautin ya tashi,
na ji ya ja numfashi ta hanci, ya gyara zama,
tabarma ta amsa.
A minti na huɗu, can dama, daga nesa,
wata mata ta yi tari sau biyu
ta ajiye kwano a ƙasa.

Na san tarin nan.
Sau ɗari na saurari kaset ɗin
ban taɓa sanin Inna na ciki ba.

Na mayar baya. Na sake mayarwa.
Ta cikin ragar ina jin mai fiyawata na kira a titi,
ita kuma Inna na tarinta,
babu wanda ya ture wani.

Kuɗinsa hayar wata huɗu ce a Agege.
Na taya, Obiora ya rantse, na juya, ya kira ni,
muka tsaya inda kowa ya ɗan ji ciwo.

Yanzu ba na fita da shi.
A danfo ba shi da amfani, a kasuwa balle.
Sai bayan sha biyun dare, in an kawo wuta,
janaretocin layinmu sun kwanta ɗaya bayan ɗaya,
na zauna bakin katifa na jona akwatin.

Jiya ina tsammanin Ladidi ta yi barci.
Minti na huɗu ya zo ya wuce,
sai ta ɗago kai daga matashi ta ce,
"Wace ce ke tari?
Ka miƙa mata ruwa mana."