Gara a Azara

Ba daga soro ta faɗo ba,
ba kabu-kabu ne ya buge ta a kasuwar Dole ba.
Buta ta sunkuya za ta ɗauka
bayan kiran assalatu,
ƙafa ta goce kaɗan,
sai ƙugu ya ce ƙas,
kamar karan dawa a ƙarƙashin kofato.

Fanna ce fa, uwata,
da ta yi shekara talatin
tana hawo tulu daga tafki zuwa Birni,
tana ratsa duwatsun Damagaram,
ɗigo bai taɓa jiƙa mata wuya ba.

Maɗori ya zo da karansa da tsummansa,
ya lalluba, ya yi shiru,
ya naɗe kayansa.
Ya ce, wannan ta fi ƙarfin hannuna.

A babban asibiti, likita Zabairu
ya ɗaga hoton ƙashi saitin taga.
Ya ce, Hajiya, kin san azara?
Daga waje sumul, tana riƙe da rufi,
gara kuwa ta daɗe a ciki
tana ci ba ƙara, ba ƙura.
Ranar da ta karye
sai a ce iskar jiya ce.

Na ƙura ido. Ƙashin uwata
ya koma kamar alkaki,
huji a jikin huji,
haske na wucewa ta inda ƙarfi ya zauna dā.

Ashe ta sha faɗa mana, ba da baki ba.
Zanen da ke tsaya mata a idon sawu
ya koma sharar ƙasa, muka ce tela ne.
Ƙusar da take rataye faifai
ta yi mata nisa, muka yi dariya.
Bayanta ya lanƙwashe kamar lauje,
muka ce ai tsufa kenan,
muka miƙa mata sanda, muka wuce.

Likita ya ce ƙashi asusu ne.
Ana zubi tun ƙuruciya,
da nono, da riɗi, da zogale,
da ranar hantsi, da tafiyar ƙafa.
In al'ada ta ɗauke wa mace
sai ɗiba ta fi zubi.

Na tuna ƙwaryar kindirmo a gidanmu,
yadda take zagaya mu bakwai
ta isa gabanta wayam.
Ta lashe ludayi ta ce,
ni dama bai dame ni ba.

Yanzu ƙarfe ke riƙe da ƙugunta.
Kullum hantsi nakan fito da ita tsakar gida,
taku goma sha biyu zuwa gindin lemo,
ƙwaya ɗaya, kofin madara.
Na ɗauke tabarmar da ke harɗe ƙafa,
na sa fitila a hanyar bayi.
Tana mita: kun mai da ni ƙwai.

Ni ma bara al'adata ta yi sallama.
Jiya na jingina da bangon zaure,
na ce wa jikata Atine ta ja layi da gawayi
daidai tsakar kaina.
Ta ce, Kaka, na mene ne?
Na ce, baɗi za mu duba.

Na miƙa mata ƙwarya.
Ta kurɓa sau biyu za ta ajiye.
Daga ɗaki muryar Fanna ta fito:
shanye shi duka.